Me ya kashe labaran ƙarfe goma na Carol Marin a Shikago?

Wata ɗaliba mai nazarin aikin jarida ta aiko da tambaya. Ta ce an ba su misalin gidan talabijin na WBBM da ke Shikago a Amurka, wanda a shekarar 2000 ya sauya fasalin labaransa na dare ya koma tsantsar labari mai nauyi, ba raha ba kwalliya, amma shirin bai cika shekara ba aka soke shi. Tana son ta sani: shin wannan ba hujja ba ce cewa masu kallo ba sa son labari mai inganci?

Malama, ba ke kaɗai kika karanta labarin haka ba. Tun da aka soke shirin nan ya zama sandar dukan duk editan da ya nemi a ba rahoton majalisar birni minti huɗu. Sai a ce masa ai an gwada a Shikago, ga yadda ta ƙare. Ni dai ban yarda da wannan karatun ba, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ji ana maimaita shi ga ɗalibai kamar wani hukunci da aka yanke. Shirin ya faɗi, wannan babu musu. Amma duk wanda ya ɗauko labarin daga watan Fabrairun 2000, daga wutsiya ya ɗauko shi. Sai mun koma baya da kamar shekara goma sha biyar kafin ki ga irin gidan da Carol Marin ta gada.

Da farko ki san filin da ake dambe a kai. Shikago ita ce kasuwar talabijin ta uku a girma a Amurka, bayan New York da Los Angeles. Manyan tashoshinta uku mallakar manyan kamfanonin ƙasar ne kai tsaye: WBBM, tasha ta 2, ta CBS ce, WMAQ, tasha ta 5, ta NBC, WLS, tasha ta 7, ta ABC. Saboda agogon tsakiyar Amurka yana bayan na gabas da awa ɗaya, manyan shirye-shiryen dare suna ƙarewa ƙarfe goma a Shikago, shi ya sa labaran dare suke zuwa ƙarfe goma maimakon sha ɗaya. Wannan rabin awa da ɗoriya ita ce rumbun tasha. Tallar da ake sakawa a cikinta tashar ce take sayarwa da kanta, kuɗin kuma nata ne. A lokacin, farashin tallar ya dogara ne da alƙaluman kamfanin Nielsen mai ƙidayar masu kallo, musamman a watanni huɗu da ake yin babban auno: Fabrairu, Mayu, Yuli da Nuwamba. Kuma masu talla ba kowane ido suke saya da daraja ɗaya ba. 'Yan shekara 25 zuwa 54 suke nema. Ki riƙe waɗannan watanni huɗu, za mu dawo kansu.

WBBM gida ne mai tarihi. A sutudiyonsa aka yi muhawarar farko ta talabijin tsakanin Kennedy da Nixon ranar 26 ga Satumba, 1960. A 1973 aka haɗa Bill Kurtis da Walter Jacobson a labaran ƙarfe goma, suna karantawa daga tsakiyar ɗakin labarai, ana ganin ma'aikata suna kai da komo a bayansu. Kurtis mai murya ne da natsuwa, Jacobson kuma mai sharhi ne da ba ya raga wa 'yan siyasar birnin. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 su ne kan gaba a Shikago. Abin da nake so ki lura da shi shi ne, da labari mai nauyi suka hau. Mutanen birnin nan sun taɓa zaɓar irin wannan aikin da kansu, suka riƙe shi shekara da shekaru, alhali WLS tana gefe tana yi musu tayin salon raha tsakanin masu gabatarwa tun 1968, lokacin Fahey Flynn da Joel Daly. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan da maganar cewa jama'a ba sa son inganci.

Gangarowar ta fara ne da abin da a ido kamar ƙaramin gyaran jadawali ne. Kurtis ya tafi New York a 1982 don gabatar da labaran safe na CBS, ya dawo a 1985. Don a sama masa kujera aka yi ta matsar da mutane, matsin ya faɗa kan Harry Porterfield, baƙar fata ɗaya tilo da ke gabatar da labarai a ranakun aiki a tashar. Porterfield ya tattara ya koma WLS. Ƙungiyar Operation PUSH ta Jesse Jackson, ɗan fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata, ta kira mutane su ƙaurace wa tashar, aka shafe kusan wata goma ana wannan ƙauracewa. Ki tuna birni ne da baƙaƙen fata suka kai kusan kashi 40 cikin ɗari na mazaunansa a lokacin, kuma shekara biyu kacal da zaɓen Harold Washington, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin. CBS ta sauko daga baya, ta naɗa Johnathan Rodgers babban manaja a 1986, aka ɗauko wani matashi mai suna Lester Holt a shekarar. Amma mutanen da suka murɗa suka koma tasha ta 7 sun tarar da Porterfield a can, sun tarar da Oprah Winfrey wadda ta fara shirinta na safe a WLS a 1984, sun tarar da masu karanta labarai John Drury da Floyd Kalber. Ba su ga dalilin dawowa ba. A 1986 WLS ta hau kan gaba, kuma ta zauna daram.

Daga nan WBBM ta shiga abin da nake ganin shi ne ainihin ciwon. Duk manajan da aka turo sai ya zo da maganinsa. A farkon shekarun 1990, zamanin Bill Applegate, aka juya zuwa salon tayar da hankali: kisa, gobara, haɗari, rubutu mai walƙiya a fuskar talabijin, kiɗa mai razanarwa. Wannan salo daga Miyami ya yi suna, inda tashar WSVN ta rasa alaƙarta da NBC a farkon 1989, daraktan labaranta Joel Cheatwood ya cike giɓin da labarai masu gudu da zafi, kuma a can ya karɓu. A Shikago bai zauna ba. Tsofaffin masu kallon da suka saba da Kurtis da Jacobson sun ji an ci amanarsu, matasan da aka yi don su kuma ba su zo ba. Jacobson ya bar gidan a 1993 ya koma tashar Fox, Kurtis ya bari a 1996. A tsakani CBS ta rasa haƙƙin nuna wasannin ƙwallon ƙafa irin na Amurka na rukunin da ƙungiyar Chicago Bears take ciki, Fox ta karɓe daga kakar 1994, wato tashar ta rasa ranar Lahadin da take tallata kanta ga magidantan birnin. Aka sake sassautowa, aka sake suna, aka sake kujeru, aka sake fuskoki. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 labaran ƙarfe goma na WBBM sun zama na baya a cikin ukun, har akwai dararen da maimaicin shirye-shiryen barkwanci a wasu tashoshi yake fin su jama'a.

Ita kuwa Carol Marin daga gidan kishiya ta fito. Tana WMAQ tun 1978, daga 1985 kuma ita da Ron Magers suke riƙe da labaran dare. 'Yar rahoto ce ta gaske, mai bin diddigin 'yan daba, gidajen yari da cin hanci a siyasar birnin. A 1997 shugabannin WMAQ, bayan sun ɗauko Cheatwood ɗin nan na Miyami, suka yanke shawarar ba Jerry Springer gurbin sharhi a cikin labaran ƙarfe goma. Springer tsohon magajin garin Cincinnati ne kuma ya taɓa karanta labarai, amma a lokacin an fi saninsa da shirin da ake tara mutane su tona wa juna asiri har a ba hammata iska. Marin ta ajiye aiki ranar 1 ga Mayu. Springer ya yi sharhi biyu kacal ya janye saboda fushin jama'a. Magers ma ya bi bayanta ya tafi. Alƙaluman WMAQ suka yi ƙasa. Wannan ma hujja ce da masu cewa jama'a shirme suke so ba sa kawowa: a birni ɗaya, shekara uku kafin shirin da kike tambaya a kai, masu kallo sun hukunta tashar da ta raina musu hankali.

Marin ta fita da mutunci mai yawa, CBS ta ɗauke ta. To da babban manajan WBBM na lokacin, Hank Price, ya duba ya ga babu abin da ya rage a rasa, sai ya yi tunanin da ni har yau nake girmamawa. Ya ce tunda kwaikwayon na gaba bai kai su ko'ina ba, bari su yi abin da babu mai yi. Ranar 7 ga Fabrairu, 2000 aka fara. Marin ita kaɗai a kan teburi, babu abokin zama da za a yi musayar raha da shi. An daina jan ran mai kallo da cewa ku dakace mu bayan talla ku ji abin da ke cikin firjinku da zai iya kashe ku. An daina rahotannin da a zahiri tallar shirye-shiryen CBS ne aka yi musu rigar labari. Rahoto yana iya ɗaukar minti huɗu ko biyar idan ya cancanta, wakili ya zo ya zauna Marin ta yi masa tambayoyi kai tsaye. Akwai ƙwararru a gidan, irin su Mike Flannery a fagen siyasa da Pam Zekman a binciken ƙwaƙwaf, aka kuma jawo John Callaway, gogaggen mai hira daga WTTW, tashar al'umma ta birnin wadda ba ta neman riba. Hasashen yanayi da labarin wasanni aka rage musu lokaci, aka ce za su samu gwargwadon nauyinsu a ranar, ba wani gurbi da aka yanka musu na dindindin.

Kuma shekarar ba ta rasa labari ba. Mako guda kafin a fara, gwamnan Illinois George Ryan ya dakatar da zartar da hukuncin kisa a jihar saboda yawan waɗanda aka gano an yanke musu bisa kuskure, shi kansa kuma badaƙalar sayar da lasisin tuƙi a ofishin da ya riƙe a baya tana bin sa. A watan Maris wani ɗan majalisar jiha mai suna Barack Obama ya sha kaye a hannun Bobby Rush a zaɓen fid da gwani na kujerar majalisar wakilai ta tarayya. Ga zaɓen shugaban ƙasa yana tafe. Masu sharhi kan kafafen yaɗa labarai daga ko'ina a ƙasar suka yi ta yabo. A kwanakin farko jama'a sun leƙo da yawa. Daga nan alƙaluma suka fara zamewa, suka ci gaba da zamewa har suka koma ƙasa da inda aka tarar da su. Ranar 30 ga Oktoba aka yi na ƙarshe. Wata tara ba 'yan kwanaki.

Yanzu ga abin da nake ganin ya faru, kuma zan fara da wanda ya fi nauyi a wurina. Labaran dare na gida sabo ne kafin ya zama zaɓi. Mutum ya gama hidimar yini, ya gaji, yana shirin kwanciya, hannunsa ne yake kai shi tashar da ya saba tun kafin kansa ya yi shawara. Fuskar da yake gani a wannan lokacin ta shekara goma tana shigowa ɗakinsa. Irin wannan sabon ba ya sauyawa don an rubuta yabo a jarida. Yana sauyawa ne a hankali, idan wani babban abu ya faru a gari mutum ya leƙa wata tasha ya ga sun fi, ya sake leƙawa wata shida bayan haka ya tarar da su yadda ya bar su. Kalmar ƙarshen nan ita ce matsalar WBBM. Shekara goma sha biyar duk wanda ya leƙo ba ya tarar da su yadda ya bar su. Mai kallon Shikago ya riga ya koyi cewa duk abin da tasha ta 2 ta zo da shi bana, baɗi babu shi. To me zai sa ya saki Drury ya kama abin da bai da tabbacin zai kai Kirsimeti? Kuma zatonsa ya tabbata. Abin ya yi kama da mai dashen bishiya da yake tone ta duk mako don ya duba ko ta yi saiwa.

Ki dawo kan watannin auno huɗu. Shirin ya ga Fabrairu, wanda shi ne watan haihuwarsa. Ya ga Mayu. Ya ga Yuli, wanda kowa a harkar ya san ba a gina hukunci a kansa saboda rani ne, mutane suna waje. Aka cire shi kwanaki kaɗan kafin auno na Nuwamba. Wato a zahiri da auno biyu aka yanke masa hukunci. Kurtis da Jacobson da aka haɗa a 1973 sai da suka shafe shekaru kafin su hau kan gaba, kuma da an auna su da ma'aunin da aka auna Marin, da babu wanda zai tuna sunansu a tare yau. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da aka zaɓa. Kwana takwas bayan rufe shirin aka yi zaɓen Bush da Gore, aka shiga makonni biyar na taƙaddamar ƙidayar ƙuri'u a Florida, kuma shugaban yaƙin neman zaɓen Gore, William Daley, ɗan Shikago ne, ƙanin magajin garin. Idan akwai labarin da aka ƙera wannan shiri dominsa, to shi ne wannan, lokacin da talaka yake neman wanda zai zauna ya warware masa abin da ke faruwa. Shirin bai kai ba.

Dalilin gaggawar kuma ba a ɓoye yake ba. A watan Mayun shekarar aka kammala haɗewar CBS da kamfanin Viacom, tashoshin suka shiga hannun shugabannin da idonsu yake kan ribar kowane wata uku. Hank Price, wanda shi ne ya tsaya wa shirin, ya bar gidan a tsakiyar shekara. Duk wanda ya yi aiki a gidan watsa labarai ya san abin da ke samun shirin da uban gidansa ya tafi. Wanda ya gaje shi bai yi alkawarin komai ba, kuma faɗuwar alƙaluma a kansa za a rubuta.

Akwai kuma abin da ba a hannun ɗakin labarai yake ba ko kaɗan, wato shirin da yake gabatar labarai. Kaso mai yawa na masu kallon ƙarfe goma waɗanda shirin ƙarfe tara ya bari ne a zaune. A wancan lokacin NBC tana da ER a daren Alhamis, wasan kwaikwayon asibiti da labarinsa ma a Shikago yake, yana zuba wa WMAQ jama'a kyauta. ABC tana cin kasuwa da gasar tambayoyin nan ta cin dala miliyan, Who Wants to Be a Millionaire. Masu kallon CBS kuwa sun fi na sauran tsufa, kuma na faɗa miki masu talla 'yan 25 zuwa 54 suke biya wa. Ko da Marin ta riƙe duk wanda CBS ta miƙo mata, da ƙaramin tulu ta fara ɗiba.

Duk da haka ba zan wanke shirin tas ba, don ƙaunar da nake yi masa ba za ta hana ni ganin aibinsa ba. Waɗanda suka tsara shi sun haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne: cire shirme da cire ɗumi. Raha ta ƙarya tsakanin masu gabatarwa abin ƙi ce, na yarda. Amma mutum ɗaya a zaune yana jero matsaloli rabin awa, fuska a ɗaure, ga wanda yake shirin barci, wannan ma wani nauyi ne. Masu kallo da yawa sun ji kamar an zaunar da su a aji. Kurtis da Jacobson labari mai nauyi suke yi, amma akwai rai a tsakaninsu, akwai ɗan saɓani, akwai jin cewa mutane biyu ne da suka san garin suke magana. Kuma tallata shirin da aka yi a matsayin maganin lalacewar aikin jarida ya ɗan yi wa mai kallo gori a fakaice, kamar ana ce masa abin da kake kallo shekara da shekaru shara ne. Ba a jawo mutum da haka.

Kuskuren da na fi gani ƙarara shi ne na hasashen yanayi. A wurin ɗan jaridar da ya ƙoshi da ganin ana ɓata minti huɗu kan taswira, rage shi jarumta ce. A wurin mazaunin Shikago kuwa yanayi shi ne labarin da ya fi shafar gobensa kai tsaye. Birni ne da zafin watan Yulin 1995 ya kashe fiye da mutum 700. Birni ne da a farkon Janairun 1999, shekara ɗaya kacal kafin shirin, dusar ƙanƙara ta zuba fiye da rabin mita. Uwa tana son ta san irin rigar da za ta sa wa yaro da safe, direba yana son ya san ko hanya za ta biyu. Kuma suna son su san ƙarfe nawa daidai za a faɗa musu, don da yawa saboda shi kaɗai suke jira. Idan ka ce musu yau zai zo da wuri, gobe a ƙarshe, jibi a taƙaice, to za su koma inda suka san lokacinsa. Haka wasanni. A garin da 'yan ƙwallon kwando na Bulls suka ci kofi shida tsakanin 1991 da 1998, kuma a bazarar da 'yan wasan baseball na White Sox suke jan ragamar rukuninsu har suka lashe shi, ɗaukar wasanni a matsayin abin da za a taɓa idan lokaci ya ragu rashin sanin mutanen gari ne. Ana iya yin rahoton minti biyar kan hukuncin kisa kuma a ba yanayi haƙƙinsa a lokacin da aka saba. Babu abin da ya hana, illa an ɗauki tsanani a matsayin shaidar inganci.

Sai batun wanda aka ture. Kafin Marin, Lester Holt ne da Linda MacLennan suke karanta labaran ƙarfe goma. Komai ƙarancin masu kallon tashar a lokacin, waɗanda suka rage sun rage ne don suna son waɗannan biyun. Aka ɗauke musu su dare ɗaya. Holt ya bar Shikago a shekarar ya koma MSNBC, kuma shi ne wanda daga 2015 zuwa 2025 ya kasance mai gabatar da babban labaran dare na NBC na ƙasa baki ɗaya. Tashar da ta taɓa ƙonewa a kan Porterfield ta sake matsar da baƙar fatan da ya shekara goma sha huɗu yana gina amana da mutanen birnin. Kowane sauyin fasali yana da wannan lissafin da ba a cika yi ba: waɗanda za ka kora tabbas ne kuma nan take, waɗanda kake fatan jawowa kuwa wataƙila ne, kuma sai a hankali.

Ba Shikago kaɗai abin ya taɓa faruwa ba, kuma ba sai sauyin ya kasance na nauyi ba. A 1993 tashar KIRO ta Seattle ta cire teburi, ta sa masu gabatarwa suna yawo cikin ɗakin labarai kyamara tana bin su, jama'a suka watse, kafin shekara ta ƙare aka dawo da teburin. A 1996 WPVI ta Filadelfiya, wadda take kan gaba a garinta, ta sake kiɗan buɗe labaranta kawai, ƙorafi ya yi yawa har ta mayar da tsohon cikin 'yan kwanaki. Babu mai cewa mutanen Filadelfiya sun ƙi inganci don sun nemi tsohon kiɗansu.

Idan kina neman abin da za ki dogara da shi a rubutunki fiye da misali ɗaya, akwai binciken da cibiyar Project for Excellence in Journalism ta gudanar daga 1998 zuwa 2002, inda ta auna dubban rahotanni daga tashoshin gida a birane da dama, ta kwatanta ingancinsu da tafiyar alƙalumansu. Abin da ta gano shi ne tashoshin da suke yin aiki mai kyau, masu fita neman labari da kansu, masu jin ta bakin ɓangarori da yawa, masu taɓo abin da ya shafi garin, sun fi yiwuwar riƙe jama'arsu ko ƙara su. WLS ɗin ma da ta yi nasara a Shikago ba da tayar da hankali ta yi ba. Labarai take yi tsaka-tsaki, da fuskokin da ba sa canzawa. Ron Magers, wanda ya bar WMAQ a kan Springer kamar yadda Marin ta yi, WLS ya koma a 1998, ya gaji kujerar Drury a 2002, ya zauna a kanta har ya yi ritaya a 2016, tashar tana kan gaba. Mutum biyu suka fita daga gida ɗaya a kan aƙida ɗaya. Ɗaya ya shiga gidan da yake da haƙuri da masu kallo a ajiye, ɗaya ta shiga gidan da ya ƙarar da duka biyun.

Bayan Marin, WBBM ta koma tsarin mace da namiji a teburi. A 2002 aka ɗauko Antonio Mora daga ABC, a 2003 aka sayo Diann Burns daga WLS da albashi mai tsoka, da zaton jama'arta za su biyo ta. Ba su biyo ba, ta bar gidan a 2008. A farkon 2010 aka maye labaran asuba da wani shirin hira kan wasanni da kuɗi, shi ma bai wuce wata bakwai ba. A watan Satumban shekarar aka dawo da Kurtis da Jacobson su karanta labaran ƙarfe shida na yamma, su biyun duk sun kai shekara saba'in ko suna dab da ita, aka sallame su a farkon 2013. Ita kuwa Marin ta ci gaba da aiki da CBS a matakin ƙasa, a 2004 ta koma WMAQ, gidan da ta bari shekara bakwai kafin nan, inda ta zama editar siyasa, ta kuma riƙa rubutu a jaridar Chicago Sun-Times, ta kuma shiga koyar da aikin jarida a Jami'ar DePaul.